Yadda Ƙura ta Zama Kura: Tarihin Ɗab'i daga Zariya zuwa Akokan

Waɗanda suka sayi fitowarmu ta baya sun ga abin da ya faru a bango. Wata ƴar uwarmu ta rubuta waƙa kan ƙurar da ke turnuƙe garin nan, wadda ke shiga tuwo, ta shiga kaye, ta shiga ƙirjin mutum, ta sa wa waƙar suna "Ƙurar Akokan". Muka ɗauki aikin a kile muka kai sakatariya, muka biya, muka karɓo kwafi sittin bayan isha'i, ba wanda ya duba. Da safe a farfajiyar lise sai ga wani ɗan tarminal yana ɗaga ɗan littafin sama, yana tambaya wai a wace unguwa kurar take, don ya daina bi ta can da dare. A bango, da manyan baƙaƙe masu ado, an buga "Kurar Akokan". Mai waƙar ta yi kwana uku ba ta ce mana uffan ba.

Dariya ta wuce, tambaya ta tsaya mini a rai. Na'urar da ke iya buga hoton amarya da furanni kala-kala, me ya hana ta buga Ƙ ɗaya tak? Da na bi sawun tambayar sai ta kai ni Zariya, ta kai ni Bamako da Amurka, sannan ta dawo da ni gida, gaban wani tsohon akwatin ƙarfe na kawuna. Ga abin da na samo, ƴan uwa.

Hannu ba ya rasa baƙi

Kafin zuwan inji, hannu ne maɗaba'a. Malaman Agadas da na garuruwan Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kwafar littafi da alƙalamin kara da tawada, almajiri ya kwafa daga malaminsa, nasa almajirin ya kwafa daga gare shi. Abzinawa kuwa suna da tifinar, wadda har yau ake gani a jikin duwatsun Abzin. In mai rubutun ajami ya ci karo da sautin da babu shi a Larabci, sai ya ƙara ɗigo, ko ya ari wani harafi ya ba shi sabon aiki. Ba ya jiran izinin kowa.

Inji kuwa abin da maƙerinsa ya zuba masa, shi kaɗai gare shi. Turawan da suka fara buga Hausa da boko a Ingila suka buga ta, da baƙaƙen dalma waɗanda aka zuba don harsunan Turai. Wani Bajamushe ɗan mishan, J. F. Schön, ya fitar da littafin kalmomin Hausa a 1843. Abin da ba a cika gaya mana a lakwal ba shi ne, mai yawa daga cikin Hausar da ya buga daga baya daga bakin ɗan ƙasar nan ta fito. Sunansa Dorugu, an haife shi wajen Kance a ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa yana yaro, aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. Labaransa suna cikin littafin Magana Hausa na 1885. A waɗancan littattafai da wuya ka rarrabe ƙ da k, ko ɗ da d. Ashe tun ranar farko kura da ƙura suke kwana ɗaki ɗaya.

A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko. Aka yi ta gwaji, wani ya ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙi, wani ya rataya masa alama a gefe. Sai a shekarun 1930, lokacin da Rupert East yake jagorantar ofishin fassara da talifi a Zariya, aka tsaya kan baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Tsayawar ba ta baki ce kawai ba, sai da aka nemo sabbin baƙaƙen dalma, manya da ƙanana, don injin ya iya buga su. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Abubakar Imam ne editanta na Hausa, a 1945 kuma aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya. Ka lura da wannan, ɗan uwa: a wancan zamani ƙugiya ɗaya tana bukatar kuɗin gwamnati da maƙerin dalma. Talaka ba shi da hanyar buga ko da katin suna na ɗansa.

Namu ɓangaren iyaka

A nan wajenmu Faransawa ba su yi wa Hausa maɗaba'a ba. A lakwal ɗinsu ma wanda aka kama yana Hausa sambol ake rataya masa, ku tambayi kakanninku da suka yi boko. Mai son karatun Hausa sai dai ya jira ɗan kasuwa ya shigo da littafi daga Kano ta Maradi ko Damagaram.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 masu yaƙi da jahilci suka fara koyar da manya da harsunan gida. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako don tsara baƙaƙen Hausa, Fulatanci, Barbarci, Zabarmanci, Tamajak da Mandanci. Nijar ta ɗauki tsarin da ke ninka dogon wasali, shi ya sa za ka ga sunan tsohuwar jaridar yaƙi da jahilci an rubuta shi Gangaa. Aka wayi gari harshe ɗaya, rubutu biyu: na Zariya daban, na Yamai daban. A 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A Janairun 1980 masanan ƙasashen biyu suka zauna a Yamai suka daidaita rubutun, aka bar ninka wasali. A Oktoban 1999 ma'aikatar ilimi ta fitar da dokar da ta tsayar da rubutun Hausa a Nijar. Ɗan bambancin da ya rage har yau shi ne baƙi na huɗu: mu muna rubuta ƴ mai ƙugiya, maƙwabtanmu na kudu suna sa alama kafin y.

Ke nan tun kafin a haife mu baƙaƙen nan huɗu suna da doka a bayansu. Sai dai doka ba ta ƙara wa keken rubutu maɓalli.

Garin da aka haifa da daktilo

Arlit da Akokan ba tsofaffin garuruwa ba ne kamar Agadas. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a ramin Akuta a 1978, can ƙarƙashin ƙasa wajen mita 250. Garin Akokan don ma'aikatanta aka gina shi. Mutane suka zo daga Tawa, Maradi, Damagaram, Doso, Yamai, suka tarar da Abzinawa masu ƙasar, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha da layin famfo. Amma takarda duk ta Faransanci ce, kuma daga ofis take fitowa: sanarwar aiki, takardar albashi, takardar likita, takardar sallama. Keken rubutun da ke buga su irin na Faransa ne, mai jerin AZERTY, yana da é da è da ç da à da ù, ba shi da ƙ.

Kawuna ya yi shekaru yana aikin daktilo a wani ofis cikin site kafin ya yi ritaya. Da na ba shi labarin kurarmu sai da ya yi dariya har da tari, sannan ya jawo akwatinsa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun karbon da suka bushe, da wani ɗan ƙarfe mai tsini kamar allura, da wasu shafuka da suka koma ruwan ƙasa. Shi ya bayyana mini yadda roneyo ke aiki. Sitansil wata takarda ce mai kakin zuma a jiki. Sai ka cire zaren tawada daga keken rubutu, ka yi bugu da ƙarfi yadda kowane baƙi zai huda kakin. In ka yi kuskure ka shafa wani jan ruwa mai wari kamar jan farce, ka hura ya bushe, ka sake bugawa a kai. In ka gama a naɗa sitansil ɗin a jikin gangar inji, a zuba tawada, a yi ta juya hannu, tawada na bi ta hudojin tana zama a takarda. Dabarar ta samo asali tun ƙarshen ƙarni na 19 daga aikin David Gestetner a Landan, Roneo kuwa sunan kamfani ne da ya zama sunan injin a bakin mutane.

Wani mushe mai koyar da manya karatun Hausa da yamma shi ke roƙon kawu ya buga masa darussa. Sai kawu ya buga k da d da b yadda suke, in ya cire sitansil ya shimfiɗa shi kan gilashi, ya ɗauki ɗan ƙarfen nan ya bi layi-layi yana yi musu ƙugiya da hannu. Ya ce mini: "Kai yaro, ku kun samu duniya. Mu da allura muka yi wanga aiki, ɗai-ɗai. In hannunka ya yi rawa sitansil ya tsage, sai ka koma tun farko. Kuma sitansil ƙidayayye na, sai ka faɗi inda ka kai shi." Na ɗaga shafi ɗaya na duba a hasken taga. Ƙugiyoyin ba su yi daidai da juna ba, wata doguwa, wata kamar ƙahon akuya, amma ba ko ɗaya da ya tsallake.

Dalilin ƙidayar sitansil ba tsada kaɗai ba ne. Duk wanda ke da roneyo yana da murya. A zamanin mulkin soja jarida ta gwamnati ce, rediyo na gwamnati ne, abin da ya rage wa ɗalibai da ƴan sandika shi ne tirak, ƴar takarda da ake bugawa a ɓoye a watsa da dare. Kawu ya ce tirak kan iso garin nan a naɗe cikin kayan matafiya, ta hanyar Tawa, wani ya karanta ya miƙa wa wani har takardar ta yi laushi kamar tsumma. Mai bugawa kuma yana tsoro, don kowane keken rubutu yana da tabonsa, wani e ɗinsa ya karkace, wani r ɗinsa ya cinye, mai bincike yana iya gane injin da ya yi aikin. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗaliban USN a gadar Kennedy a Yamai, uku suka rasu. A watan Mayu na shekarar Ibrahim Cheick Diop ya fitar da Haske, jarida mai zaman kanta ta farko a wancan zamani. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 aka yi babban taron ƙasa. Bakin mutane ya buɗe, kuma ya buɗe ne daidai lokacin da wata sabuwar na'ura ke kan hanyarta ta zuwa.

Abin da ya faru a Amurka

A da, kafin a buga shafi ɗaya na jarida sai ya bi hannu da yawa. Mai jera baƙaƙe ya jera, a fitar da rubutun a dogayen takardu, wani ya yanka da almakashi ya manna a kan kwali, a ɗauki hotonsa, a yi faranti, sannan inji ya juya. Kowane mataki da gwaninsa da injinsa mai tsada.

A 1984 kamfanin Apple ya fitar da Macintosh, ordinatar da ke nuna maka shafi a allo kusan yadda zai fito a takarda. A 1985 ya fitar da LaserWriter, injin bugawa mai ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke aiki da PostScript na kamfanin Adobe, wato harshen da ordinatar ke bayyana wa inji siffar kowane baƙi da kowane layi. Kuɗinsa ya kusa dala 7,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. A wannan shekara wani ƙaramin kamfani mai suna Aldus ya fitar da manhajar PageMaker. Mai kamfanin, Paul Brainerd, shi ya raɗa wa sana'ar sunan da ma'anarsa ita ce ɗab'i a kan tebur, masu Faransanci kuma suka ce PAO. Aikin mutum biyar ya dawo hannun mutum ɗaya da ke zaune gaban allo, almakashi da gam suka zama danna maɓalli.

Akwai kuma manhajojin da aka yi don gida da lakwal da ƙaramin ɗan kasuwa. The Print Shop ta fito a 1984, aikinta katin gayyata da sanarwa da dogon rubutun da ake ratayawa a bango, ka zaɓi ado, ka zaɓi hoto, ka rubuta kalmominka. CorelDRAW ta fito a 1989, Microsoft Publisher a 1991. A 1993 Adobe ta kawo PDF, wanda ke daskarar da shafi yadda ba zai sauya ba ko a wace na'ura aka buɗe shi. A 1994 Adobe ta haɗiye Aldus, a 1999 ta fitar da InDesign, PageMaker ta yi ta ja da baya har ta mutu. Abin da Zariya ta bukaci gwamnati kafin ta yi, yanzu ya dawo kan tebur ɗaya.

To amma su waɗannan na'urori ma da tsohon ciwon suka zo. Kowane nau'in baƙi, wanda masu sakatariya ke kira polis (ba ƴan sanda ba), gurbi 256 kaɗai gare shi a lokacin, kuma harsunan Turai sun cinye guraben.

Ta Kano ta biyo

Hausa ta fara haɗuwa da ɗab'in tebur sosai a Kano. Daga shekarun 1980 zuwa 1990 samari da ƴan mata suka daina jiran manyan kamfanoni, suka riƙa rubuta littattafansu, su kai shagon ordinatar a buga, su kai ƙaramar maɗaba'a, su kai kasuwa da kansu. Ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tana cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki. Littattafan sun ƙetare iyaka, yayyenmu mata sun karanta su a Akokan ƙarƙashin bargo da cocila. Ba a taɓa buga Hausa da yawa haka ba. Sai dai da yawansu sun fito ba ƙugiya, ko an bi da bik an ƙara, ko an sa k' da d'. Wanda ya tashi da karatunsu sai idonsa ya saba, ya ɗauka haka rubutun yake.

A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera polis na Hausa, Rabi'at da Abdalla, don magance matsalar. Dabarar irin waɗannan polis ita ce a kori wani baƙo daga gurbinsa a zaunar da ƙ a wurin. Tana aiki muddin polis ɗin yana cikin na'urar. Ka kai aikin wata ordinatar da ba ta da shi, sai baƙon ya dawo gurbinsa, ka ga wata alama ta daban tsakiyar kalma.

A Nijar jaridun da suka biyo bayan Haske a kan ordinatar ake tsara su a Yamai, kusan duk da Faransanci. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada, har takarda da tawada. Arewa ta daɗe tana jira. Sai a 2002 Ibrahim Manzo Diallo ya kafa Aïr Info a Agadas, kusan kilomita 240 daga nan.

Mu abin da muka buɗe ido muka gani shi ne sakatariya: ɗaki ɗaya, tsohuwar ordinatar da aka rufe da zane saboda ƙura, injin fotokofi mai zafi kamar tanda, da mai sezi da ke bugu da yatsa huɗu yana kallon agogo kada kuran ya ɗauke kafin ya adana. Injin fotokofi tun 1959 Xerox ta fitar da shi kasuwa, amma a garin nan shi da ordinatar kusan tare suka zama na kowa, su biyun suka kashe roneyo. Takarda da tawada daga Yamai ko Kano suke zuwa, in kwalbar tawada ta ƙare a yi mata allura da sirinji. A ɗakin nan aka buga rayuwar garin: katin aure, katin suna, sanarwar fatiha, rasit na mai shago, ekspoze na ƴan sewaje, kalandar ƙungiyar ƴan asalin gari kaza, da takardun neman aiki, tuli-tuli. Shafi ɗaya dala biyar. A karo na farko tun kafuwar Akokan, matar uburiye tana iya sa a buga sunanta da ado ba tare da ta roƙi kowa a ofis ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku tuna katunan nan nawa ne suka gayyaci "manyan baki" maimakon manyan baƙi.

Uzurin inji ya ƙare

A 1991 aka fito da tsarin Unicode. Manufarsa mai sauƙi ce: kowane baƙi na kowane harshe ya samu lambarsa shi kaɗai, ba aro, ba korar wani. Baƙaƙenmu suna ciki tun farkon shekarun 1990. Lambar ƙ ita ce 0199, Ƙ 0198, ɗ 0257, Ɗ 018A, ɓ 0253, Ɓ 0181, ƴ 01B4, Ƴ 01B3. Baƙaƙen Tamajak na boko irin su ǝ da ɣ su ma suna ciki, tifinar kuma ta shiga a 2005. Abokanmu masu rubutu da Tamajak ciwonsu da namu ɗaya ne, nasu ma ya fi, don baƙaƙensu na daban sun fi namu yawa.

To me ya sami waƙar ƴar uwarmu? Na koma sakatariyar na tambaya cikin ladabi. Ita a waya ta rubuta, da kilabiyen Hausa, Ƙ ɗinta lafiya lau. Da aka zuba rubutun cikin Publisher aka zaɓa wa bangon wani polis mai lanƙwasa-lanƙwasa, wanda maƙerinsa bai zana Ƙ ba. Sai wani ɗan akwati ya fito a wurin. Mai sezi ya ga akwati, ya goge, ya sa K, ya ci gaba da aikinsa. Ya ce mini: "Ƙanena, ai kowa zai gane." Ban ga laifinsa sosai ba. Ba wanda ya taɓa koya masa, kuma mu masu aikin ba mu tsaya mun duba ba.

Maganin bai kai wahalar allurar kawu ba. A cikin Word ka bar sarari, ka buga lambar baƙin, ka danna Alt da X tare, a wasu Word na Faransanci Alt da C. Ko ka saita gyaran kai-tsaye sau ɗaya, yadda duk sanda ka buga k' zai juye ƙ. Ka zaɓi polis da ke da baƙaƙen, irin su Charis SIL da Andika, waɗanda kyauta ne. In ka gama ka mayar da aikin PDF kafin ka kai sakatariya. Sannan ka duba kwafin farko kafin a buga sittin. Wannan na ƙarshen da kuɗinmu muka koye shi.

Abin da ya rage a hannunmu

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ta daina haƙa, bayan ta fitar da wajen tan 75,000 na yuraniyom cikin shekara arba'in da uku. Kowa a nan ya san abin da ya biyo baya. Motoci sun yi lodin katifu da firiji sun nufi kudu, ajinmu ya ragu, wasu shaguna sun rufe, har da sakatariya. Tan nawa aka haƙa, wannan a rubuce yake, yana ajiye a manyan ofisoshi, ba zai ɓata ba. Amma wa ya auri wa a site, wace ƙungiya ta tara kuɗi ta kai gawar ɗan garinsu gida, me ƴan sandika suka nema a shekara kaza, wane darasi aka koya wa matan uburiye da yamma, wannan tarihin yana cikin katunan gayyata da tirak da sanarwar fatiha. Wasu suna cikin akwatuna irin na kawu. Wasu suna cikin tsofaffin ordinatar da ƙura ta cinye, ko kile da ya ɓata a aljihun wani.

Kuma na'ura ba ta da alƙawari. Microsoft ta sanar cewa daga Oktoba 2026 za ta daina kula da Publisher. Tsofaffin da ke kan na'urori za su ci gaba da aiki har ranar da na'urar ta mutu, daga nan buɗe waɗancan fayiloli zai zama aiki. Haka PageMaker ta tafi. Shafin roneyo na kawu ya haura shekara talatin, na karanta shi a hasken taga ba tare da kuran ba. Yau da yawanmu a waya muke tsara kati da Canva, mu tura ta WhatsApp, ba ya ma taɓa takarda. In wayar ta faɗa ruwa shi ke nan.

A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, a garin nan ma mai harsuna da yawa ba kowa ne ya ji daɗi ba, kuma muhawarar tana da wurinta. Ni abin da na gani shi ne, an sake ba harshen doka kamar 1999, amma allon shago da katin biki da bangon ɗan littafinmu ba minista ke buga su ba. A 1939 wanda ya rasa ƙugiya yana iya cewa ba shi da maƙerin dalma. A 1985 yana iya cewa ba shi da dala dubu bakwai. Mu maɗaba'ar tana aljihunmu.

Saboda haka ƙungiya ta yanke shawara biyu. Ta farko, daga wannan fitowa ba shafin da zai tafi fotokofi sai mutum biyu sun karanta kwafin farko, kuma duk mai sezi da ke so za mu zauna da shi mu saita masa baƙaƙen Hausa da na Tamajak a na'urarsa, kyauta, aikin bai wuce rabin awa ba. Ta biyu, muna roƙon kowa ya tambayi iyayensa tsofaffin takardun gida: kati, tirak, kalanda, darasin yaƙi da jahilci, jaridar lakwal, ko da Faransanci ne, ko da ba ƙugiya. Ku kawo su taronmu na ranar Asabar. Za mu ɗauki hotonsu, mu buga kwafi a takarda, mu rubuta shekara da unguwa a baya, mu mayar muku da naku a ranar. Wanda ke ɗauke da sirrin gida kada a kawo shi. Kawu ya riga ya ba da shafukansa goma sha ɗaya, ya ce ɗan ƙarfen kuwa sai bayan ransa.

Waƙar ƴar uwarmu tana shafi na ƙarshe, mun sake buga ta da izininta. Ku duba sunan da kyau.